ZAUREN 'YAN MATA: Akwatin Da Ba Ya Buɗuwa Da Ƙarfi

  Wasiƙunku da saƙonninku suna isowa, kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Abin da na lura shi ne, da zarar hutu ya ƙarato sai kukan ya zama iri ɗaya, wato zaman gida ya ishe ku, daga shara sai wanke-wanke, daga nan sai latsa waya har ido ya yi ja. To yau dai ba girki za mu yi ba, kwalliya ma mun ɗaga mata ƙafa. Yau wurin masu aikin katako zan kai ku, mu ga mutanen da suka mayar da guntayen itace abin wasa ƙwaƙwalwa, da kuma itatuwan nan masu ƙanshi da suke aiki da su.

Na san wata har ta taɓe baki tana cewa, "Haba Anti, mu da katako kuma? Ai wannan sai kafintoci." Ke dai biyo ni a sannu, in mun kai ƙarshe kya yanke hukunci da kanki.

TSARABAR MUTANEN HAKONE

A ƙasar Japan akwai wani gari mai suna Hakone, a cikin duwatsu yake, yamma da Tokyo babban birnin ƙasar, kuma ba shi da nisa da shahararren dutsen nan Fuji. Tun zamanin da garin zango ne na matafiya, domin tsohuwar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yanzu, da birnin Kyoto ta nan ta ratsa, ga kuma maɓuɓɓugan ruwan zafi da mutane ke zuwa wanka don neman lafiya. Kin san kuwa duk inda matafiya ke yada zango ba a rasa masu sayar da tsaraba. To tsarabar Hakone aikin katako ce.

Dazuzzukan wurin cike suke da itatuwa iri-iri, kowanne da launinsa, wani fari fat, wani rawaya, wani ja-ja, wani ruwan ƙasa, wani kuma baƙi. Wani gwanin katako mai suna Ishikawa Nihei, wanda ya rayu daga 1790 zuwa 1850 a ƙauyen Hatajuku, shi ake jingina wa fara haɗa waɗannan launuka wuri guda. Ga yadda suke yi: sai a tsaga itatuwan siri-siri kamar fensir, wasu masu kusurwa uku wasu masu huɗu, a shafa musu gam a ɗaure su tamau har su bushe. In kin dubi bakin ɗaurin sai ki ga zane ya fito tamkar aikin hula. Sai a yanka ɗaurin gunduwa-gunduwa, a jera su a sake mannewa har a sami allo mai faɗi. Daga nan a kawo wani ƙaton abin fere katako a bi ta kan allon, yana fitar da shafi siriri kamar takarda, kowane shafi ɗauke da zanen nan. Wannan shafin ne ake mannawa a jikin akwati. Duk kyan da za ki gani babu fenti ko ɗigo, launin da itacen ya zo da shi ne. Su suna kiran wannan aiki yosegi, kuma a 1984 gwamnatin Japan ta sanya shi cikin jerin sana'o'in gargajiya na ƙasar.

Amma abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne wani ɗan akwati da suka fara yi a ƙarshen ƙarni na 19, wanda suke kira himitsu-bako, ma'ana akwatin sirri. Shi wannan ba shi da kwaɗo, ba shi da makulli, marfin ma in kin juya shi sama da ƙasa ba za ki gane inda yake ba, domin zanen nan ya ɓoye duk wata mahaɗa. Yadda yake buɗuwa shi ne, akwai wani ɗan sashe a gefe wanda in kin lallaɓa shi da yatsa zai goce kaɗan. Wannan gocewar ita za ta ba gefen damar sauka ƙasa kaɗan, saukarsa kuma ta ba marfi damar matsawa kaɗan, haka dai mataki bayan mataki, kowanne yana jiran na gabansa, har marfin ya zame gaba ɗaya. Akwai mai mataki 4, akwai mai 7, mai 10, mai 21, har da mai 72. A Odawara, garin da ke maƙwabtaka da Hakone, akwai ƙungiyar magina irin waɗannan akwatuna da ake kira Karakuri, wadda wani gwani Akio Kamei ya jagoranci kafawa. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Hiroshi Iwahara, ya ƙera akwati mai mataki 324, bai tsaya nan ba ya sake yin wani mai mataki 1,536. Tabɗi! Ki ce in kin ajiye 'yan kunnenki a ciki sai ki fara buɗewa tun ana sauran kwana biyu biki.

Sai dai fa akwatin nan yana da doka guda. Abin da ke riƙe da shi a ciki wasu siraran haƙora ne na katako masu tafiya a cikin kwarmi. In mai garaje ya ga abu ya ƙi motsi ya danna da ƙarfi, haƙorin ya karye, shi ke nan akwati ya tashi aiki, ba ya buɗuwa ba ya rufuwa. In ya ƙi motsi to akwai matakin da aka tsallake, sai a koma baya a lalubo shi. Wani lokaci ma laifin yanayi ne, domin katako yana shan danshi ya kumbura, kamar dai yadda ƙofar ɗakinmu kan cije da damina ta saki da hunturu. Maganinsa a ajiye shi a busasshen wuri a ba shi kwanaki. Ki riƙe wannan doka, za mu dawo kanta.

WAI AIKIN MAZA NE?

Yanzu bari in amsa wa mai taɓe bakin nan. Kun san hoton nan da ake yayyankawa gutsi-gutsi a barbaza, a ce yaro ya haɗa? Asalinsa na katako ne. Wani mai zanen taswira a birnin Landan, John Spilsbury, shi ne a shekarun 1760 ya riƙa manna taswira a kan siririn katako yana yanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don yara su koyi labarin ƙasa suna wasa. Da abin ya zama yayi a Amurka wajen 1908, kamfanin Parker Brothers da ke garin Salem ya buɗe sashen yanka irin waɗannan hotuna, kuma mata ya ɗauka aikin. Dalili kuwa shi ne zarton da ake yankan da shi siriri ne mai hawa da sauka, da ƙafa ake taka shi ana juya katakon da hannu, sak keken ɗinki. Duk wadda ta iya bin layin ɗinki ta iya bin layin zarto. Kowace da irin hannunta, wata ta fitar da gutsure mai siffar tsuntsu, wata fure, wata harafi. To ke da kike koyon ɗinki a makaranta ko wurin Anti mai keke, me ya rage miki?

Bayan karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, mutane da yawa a Amurka sun rasa aikin yi. Kafintoci da masu zanen gine-gine da sauran masu hannu sai suka koma gida suka kafa zarto a ɗakin girki ko bayan gida, suna yanka hotuna suna sayarwa, wasu kuma suna ba da haya kwana ɗaya ko biyu, kamar dai yadda aka saba ba da hayar littattafan soyayya a unguwanninmu. A farkon 1933 cinikin irin wannan wasa, na katako da na kwali, ya kai miliyan 10 a mako guda. Abin da aka raina da sunan wasan yara shi ya riƙe gidaje da dama.

Har gobe kuma mafi yawan masu wannan harka ba da ita suke ci ba, sha'awa ce kawai. Wani injiniya ne, wata malamar lissafi ce, wani ya yi ritaya, da yamma ko ranar hutu sai a shiga ɗan ɗakin aiki. Wani Ba'amurke mai suna Jerry Slocum, injiniya ne, a 1978 ya gayyaci masu irin sha'awarsa zuwa gidansa, wannan zama shi ya zama babban taron da masu wasa ƙwaƙwalwa na ƙasashe daban-daban ke haɗuwa, kowa ya zo da sabon abin da ya ƙirƙiro a yi musaya, ka ba ni naka in ba ka nawa. A 2006 ya ba ɗakin karatu na Jami'ar Indiyana kyautar kayan wasa ƙwaƙwalwa sama da 30,000 da ya tara a rayuwarsa.

ƘANSHIN DA KE CIKIN ZUCIYA

Masu wannan aiki ba kowane katako suke ɗauka ba. Suna duba launi, suna duba tauri, suna duba wanda ba ya saurin lanƙwashewa, sannan da yawansu suna bin ƙanshi, domin abin da za a daɗe ana juyawa a hannu kusa da fuska ya kamata ya yi daɗin shaƙa. Cikin itatuwan da mutanen Hakone ke amfani da su akwai itacen kafur, wanda daga jikinsa ake samun kafur na asali. A Japan da Sin an daɗe ana yin akwatin tufafi da shi, saboda asu ba ya son warinsa. A Amurka kuwa itacen sida suke ji da shi. In kin taɓa fere fensir mai kyau kika ji wani ƙanshi mai sanyi ya tashi, to dangin sida ne. A da, da shi suke yin babban akwatin da budurwa ke tara zannuwan gado da sauran kayan ɗakinta tun kafin miji ya fito. Har akwai wani kamfani mai suna Lane a jihar Bajiniya, wanda aka kafa a 1912, da ya yi shekaru yana raba wa 'yan matan da suka gama sakandare ƙananan akwatunan sida kyauta, don in aure ya zo su tuna da shi su sayi babban. Kun ji 'yan kasuwa!

Sai kuma wanda kuka fi sani, wato sandal, wanda babu mai haɗa turaren wuta ko humra da za ta ce ba ta san shi ba. Mafi shahara shi ne na kudancin Indiya, yankin Maisur, inda a 1792 sarkin wurin Tipu Sultan ya ayyana shi a matsayin itacen sarauta, ba mai sara sai da izini. Can akwai masassaƙa da suka gāji yin ƙananan akwatuna da mafitai da shi. Abin lura game da sandal shi ne, ganyensa da ɓawonsa da farin katakon da ke bayan ɓawo duk ba su da wani ƙanshin kirki. Ƙanshin yana can cikin zuciyar itacen da saiwarsa, kuma ba ya taruwa sai bishiya ta manyanta. A ƙalla sai ta shekara 15 kafin a sami abin kirki, mai shekara 30 kuwa ta fi. Amma in ya taru, guntun sandal zai yi shekaru aru-aru a cikin adaka yana ƙanshi, in ya yi sanyi a ɗan kankare shi ya dawo sabo.

Al'ud kuma nasa labarin ya fi ban mamaki. Bishiyarsa tana fitowa a dazuzzukan gabashin Indiya da ƙasashe irin su Biyetnam, Kambodiya, Malesiya da Indonesiya, kuma lafiyayyar bishiyar farin katako gare ta marar ƙanshi. Sai ta ji rauni, funfuna ya shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta, ƙaron nan ya jiƙa katakon a hankali cikin shekaru. Wannan baƙin wurin shi ne al'ud ɗin da ake saye da tsada. A wata tsohuwar ma'ajiyar sarakuna da ke birnin Nara na Japan akwai wani gungumen al'ud mai suna Ranjatai, tsawonsa ya ɗara mita ɗaya da rabi, yana nan ɗaruruwan shekaru, kuma saboda darajarsa har alama ake sawa a inda wani babba ya taɓa yankar ɗan gutsure, kamar jarumin nan Oda Nobunaga a 1574.

Tsadar nan ita ta jawo jabu. Sai a sami farin katako na banza a jiƙa shi da turare a ce miki sandal ne. Ran da kika saya ƙanshinsa har ya fi na gaskiyar tashi, ya cika ɗaki ya bi tsakar gida. Ki ba shi 'yan makonni, ko ki kankare bayansa, sai ki tarar da itacen girki.

TSAKANINA DA KU

To ƙannena, ku matso kusa, nan ne inda nake son zuwa. Rabin wasiƙun da nake samu a wannan fili maganarsu ɗaya ce. Saurayi ya fito yau, gobe ya ce in bai same ki ba mutuwa zai yi, jibi ya fara cewa in da gaske kina sonsa ki fito ku haɗu a wani wuri, ko ki tura masa hoton da ke kanki kin san bai dace ba, ko ki ɓoye wa su Mama zancen tukuna. In kin ce a bi a hankali sai fushi, sai gori, sai "ashe ba ki yarda da ni ba." Sai yarinya ta rasa barci tana tunanin ko ita ce mai laifi.

Ba ki da laifin komai, 'yar uwa. Ki tuna dokar akwatin nan. Wanda ya san darajar abin da ke hannunsa, in ya taɓa ya ji ya cije, tsayawa yake ya nemi matakin da ya tsallake. Matakan kuwa a wurinmu sanannu ne: ya zo gida da rana tsaka, ya gaida manya, a san sunansa da na mahaifinsa da abin da yake yi, ya turo magabatansa, ya jira ki gama karatunki in haka kuka tsara da iyayenki. Mai son ki da aure waɗannan ba sa yi masa nauyi, yana ma jin daɗin bin su. Wanda kuwa ya ce shi ba shi da lokacin wannan duka, yana dannawa yana matsa miki, to ba ruwansa da ko akwati ya karye, domin in ya karye tafiyarsa zai yi ya bar ki da gutsattsarin. Sauri dai ya haifi nawa.

Haka nan ki riƙa gwada daɗin bakinsa da ma'aunin sandal. Kalaman da suka cika ɗaki tun ranar farko, ki ba su wata uku ki gani. Ki lura da yadda yake yi wa ƙannenki magana, yadda yake yi in kin ce a'a, ko yana cika ƙaramin alkawari irin na "zan zo bayan la'asar". Nan ne ake kankare bayan itace. Ke ma kuma kada ki yarda a ruɗe ki da cewa ƙawayenki duk sun wuce ki. Bishiyar da aka sare tun tana ƙarama itacen wuta kawai ake samu.

NAMU NA GIDA

Kada ku zaci sai an je Japan ake samun itacen kirki. Muna da madaci, ɗan uwan katakon da Spilsbury ya yi taswirarsa da shi, ja ne mai kyan gani. Muna da malaina, fara ce mai sauƙin yanka, ta dace da 'yar koyo. Akwai darbejiya wadda ƙwari ba sa son ta, akwai maje da hano masu ba da ƙaron turare. Sannan akwai madobiya, katako mai tauri da kyan zane da ɗan ƙanshi, wanda 'yan katako a Taraba suka laƙaba wa suna Madrid. Ita wannan kyanta ne ya jawo mata. A shekarun 2010 aka yi ta sare ta ana lodawa a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, a kai Sin a yi kujeru da gadaje na alfarma, har dazuzzuka da dama suka yi kwakkwafi. A 2017 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya zuwa waje. Don haka mu namu wasan ba ya bukatar a kayar da ko reshe. Guntayen da kafinta ke tarawa a gefe, waɗanda ƙarshensu murhu, sun ishe mu har da ragi.

GA AIKIN HUTU

Akwatin sirri sai an ƙware, amma ga wani da kowace za ta iya, sunansa Soma. Wani mutumin Denmak mai suna Piet Hein ya ƙirƙiro shi a 1933. Ki nemi izini a gida, ki sa Yaya ya raka ki ko ki aiki ƙaninki wurin kafintan unguwa, a ce ya sami sandar katako mai gefe huɗu daidai wa daida, kaurin santimita 2, ya yanka miki ita gida-gida kamar dunƙulen magi, tsawo da faɗi da kauri duk ɗaya. Guda 27 ake bukata, amma ki ce ya yi 30 saboda tsaro. Ki roƙe shi ya auna da kyau, domin in ɗaya ya fi ɗaya aikin ba zai zauna ba. Ki sayo samfefa da farin gam na kafinta. Wajen gugar samfefa ki zauna a waje ki rufe hancinki da gyale, don ƙurar katako tana sa tari da atishawa, musamman ta masu ƙanshi.

Gida bakwai za ki haɗa. Na farko dunƙule uku ne, biyu a jere ɗaya a gefen na ƙarshe, kamar gwiwar hannu. Sauran shidan kowanne dunƙule huɗu ne. Na biyu: uku a jere, na huɗun a gefen na ƙarshe, kamar harafin L. Na uku: uku a jere, na huɗun a gefen na tsakiya, kamar harafin T. Na huɗu: biyu a jere, wasu biyun a gefensu amma sun goce da gida ɗaya, kamar matakala. Na biyar da na shida da na bakwai kuwa, ki fara yin gwiwar hannu irin ta farko guda uku ki kwantar da su suna kallon wuri ɗaya, sai ki ɗora dunƙule na huɗu a sama: a ta farko kan na kusurwa, a ta biyu kan bakin dama, a ta uku kan bakin hagu. Ki lissafa, uku da ashirin da huɗu, 27 ke nan cif.

Gam kaɗan ake sawa, a goge wanda ya tsattso tun bai bushe ba. Ki riƙa mannewa a kan faranti mai shafaffen ciki don ƙasan ya daidaita, ki bar su su kwana. Washegari ki bi gefunan da samfefa, ki murza musu ɗan kakin zuma da tsumma su yi sheƙi. In kina son ƙanshi ki ajiye su a cikin batta tare da guntun sandal, sai dai kar in ji kin sayar wa wata da sunan sandal! A kuma nisanta su daga jarirai masu kai komai baki.

Wasan shi ne ki haɗa gida bakwan nan su koma babban dunƙule guda, uku a tsaye uku a kwance uku a faɗi, ba rami ba tudu. Masana lissafi sun tabbatar akwai hanyoyi 240 na yin haka, amma zan yi mamaki in kin sami ɗaya a daren farko. Ga satar amsa kaɗan: mai siffar T dole dogon bayansa ya kwanta a bakin gefe, ya kama kusurwa biyu. Ki fara da karkatattun nan uku, ki bar ƙaramin sai ƙarshe. In kin iya, ki miƙa wa Baba bayan cin tuwo ki ga yadda za a kwashe. In kuma mai zuwa zance ya zo, ki ba shi ya gwada a zaure, ki zuba ido ki ga ko mai haƙuri ne ko mai dannawa da ƙarfi.

WASA ƘWAƘWALWAR WANNAN FITOWA

Tambayarmu ta yau ma daga itace mai ƙanshi ta fito. Mutanen Japan suna da wani tsohon wasa da suke kira Genji-ko, sunan ya samo asali daga wani dogon labarin soyayya na fada, Genji, wanda wata mata mai suna Murasaki Shikibu ta rubuta kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Akan kawo itacen turare iri biyar, kowanne ƙulli biyar, a cakuɗa ƙulli 25 ɗin a zaɓi biyar da ka. Sai a ɗumama su ɗaya bayan ɗaya ana zagayawa da kasko kowa ya shaƙa. Kowa zai ja layi biyar a tsaye a takarda, ya haɗa kawunan layukan da yake jin ƙanshinsu ɗaya ne. Siffofin da za su iya fitowa 52 ne, kowace an ba ta sunan wani babi na littafin. Ku ma kuna iya gwadawa da ƙawaye, da sandal da hawi da jawul da duk abin da Mama ta yarda ku taɓa, a buɗe taga, a kuma kula da garwashi.

To ga tambayar. In ƙulli uku ne kawai ake shaƙa, siffofin biyar ne: ko duka ukun iri ɗaya ne, ko kowanne daban, ko na ɗaya da na biyu ne suka yi daidai, ko na ɗaya da na uku, ko na biyu da na uku. In biyar ne mun ce 52. To in ƙulli huɗu ne fa, siffofi nawa za a samu? Ku zana su a takarda ku ƙirga, ku aiko da amsa tare da sunanku da na makarantarku ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Zan kawo amsar da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, wadda kuma ta haɗa Soma ɗinta ta aiko mana da labari, har da na wanda ya kasa a gidansu.

Ku gaida su Mama. Sai mun haɗu.

Taku har kullum,
Antinku.